Yau Ban da Ni: 'Yan Wasa da Ranakun Ibada

Da zarar an ce an ga watan azumi, dambe ya kwanta ke nan a ƙasar Hausa sai bayan Sallah. Daga gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano har zuwa na Dei-Dei a Abuja, makaɗa su rataye kalangu, masu gida su ja ƙofa, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada kowa ya ɗaure kayansa ya nufi garinsu. Mu da ke Kwanar Dangora muna ganin wucewar wasunsu, domin nan hanya ta rabu. Mai zuwa Zariya ya miƙe, mai zuwa Tudun Wada da Doguwa ya karya kwana, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Saminaka. Sai ka ga ƙato ya sauko daga mota da kumburi a gefen ido, yana tayin rake kamar kowa.

Akwai wani dattijo mahauci a bakin tasha da nake sayen tsire a wurinsa. Ya yi dambe a ƙuruciya, zamanin da waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ke tashe a rediyo. Bahago ne, kuma in yana yanka nama za ka ga bayan hannunsa duk tabon zare. Wata rana na ce masa, "Baba, a zamaninku an taɓa samun wanda ya sa zare da azumi?" Ya dakata da yankan, ya dube ni, ya ce, "Da wa zai sa? Wa zai yi masa kiɗa? Wa zai zo kallo?" Ya ce watan nan ne ɗan dambe ke kwance layunsa ya ajiye, ya nemi sahu a asham, ya bar haƙarƙari ya warke. Ran Sallah da la'asar sai kalangu ya tashi, kowa ya fito da yunwar duka.

Ɗan dambe sana'a yake yi. Da ƙarin da ake masa a fili da abin da mai gida ke ba shi yake ciyar da iyali. Amma bai taɓa tsayawa gaban wani ya ce "yau ban da ni" ba, saboda garin gaba ɗaya ne ke tsayawa tare da shi. Asarar wata guda an raba ta tsakanin makaɗi da mai ƙofa da mai sayar da ruwa da shi kansa, kowa ya ɗauki ɗan kasonsa, babu wanda ta karya. Wahalar tana farawa ne ranar da mai wasa ke bin wata kalanda, mai biyansa albashi kuma na bin wata. A nan ne mutum ɗaya tilo ke ɗaukar asarar da gari ke rabawa a wurinmu.

Da yawanmu in an ce ranar ibada sai hankali ya tafi kan Juma'a. Amma Juma'a a Musulunci ba ranar zaman gida ba ce. Abin da Suratul Jumu'a ta yi umarni da shi shi ne a bar ciniki in an kira salla, in an idar kowa ya koma neman halalinsa. Haka muke gani a bakin titin nan. Wajen ƙarfe ɗaya za ka ga an lulluɓe teburan lemo da buhu, direbobin tirela sun jera motoci a gefe, da an sallame kuma hayaniya ta dawo sabuwa. Ranar da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta Rasha, 22 ga Yuni 2018, ranar Juma'a ce. An take wasan ƙarfe huɗu agogon Najeriya, mun daɗe da saukowa daga masallaci, kuma ban ji malami ko ɗaya ya ga laifin yaron ba.

Ga wasu mutanen kuwa, yinin ne ɗungurungum. Bayahude mai riƙo da addininsa, da Kirista ɗan cocin Adventist, daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwarta ran Asabar ba ya taɓa aikin neman kuɗi. Kada mai karatu ya zaci mutanen wata uwa duniya nake nufi. Bi hanyar nan tamu ta Tudun Wada, ka wuce Saminaka, kafin ka shiga Jos za ka iske Jengre, inda 'yan Adventist ke da tsohon asibitinsu da majami'unsu. Su ne ake jin kukansu duk lokacin da aka sa zaɓe ko jarrabawa ran Asabar. Akwai kuma Kiristocin da ke wa Lahadi irin wannan riƙo.

A cikin masu Lahadi babu wanda ya kai Eric Liddell suna. Ɗan Sikotlan ne, kuma yana cikin waɗanda Birtaniya ta fi sa wa rai a tseren mita 100 na gasar Olamfik ta 1924 a birnin Paris. Da jadawali ya fito aka ga zagayen share fage ya faɗo ran Lahadi, sai ya ce shi kam ba zai yi gudu ba. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne bai jira sai ranar ba ya juya wa jama'a baya. Tun da sauran watanni ya faɗa, ya koma yana atisayen mita 400, tseren da ba nasa ba. Ya je ya lashe lambar zinare a cikin daƙiƙa 47.6. Shekara ɗaya bayan haka ya tafi ƙasar Sin aikin mishan, can kuma ya rasu a 1945 a sansanin da sojojin Japan suka tsare baƙi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa haka, da wuya a ce don neman suna ya ƙi gudu.

A Amurka kuma har gobe Yahudawa na ba 'ya'yansu labarin Sandy Koufax. Wasan besbol yake yi, wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda, kuma a zamaninsa babu majefi kamarsa. Ranar 6 ga Oktoba 1965 ƙungiyarsa ta Los Angeles Dodgers za ta buga wasan farko na jerin wasannin ƙarshe da Minnesota Twins, sai ranar ta dace da Yom Kippur, rana mafi girma a wurin Yahudawa, wadda suke azumtar dare da yini ba ci ba sha ba aiki. Koufax bai fito ba. Aka sa wani, aka lallasa su 8 da 2. Ka ƙaddara irin maganganun da suka biyo baya a daren nan. Sai dai mutumin ya dawo ya ci musu wasa na biyar da na bakwai ba tare da an ci su ko ɗaya ba, suka ɗauki kofi, aka ba shi gwarzon gasa.

Labaran nan biyu suna da daɗin faɗi domin sun ƙare da zinare da kofi. Ina jin tsoron irin wannan daɗi, don yana sa a ɗauka duk wanda ya tsaya kan addininsa a fili ake biyansa. Ga na wani da ba a cika faɗa ba. Vitor Ressurreição gola ne a ƙungiyar Londrina ta Brazil, yana cikin waɗanda suka hau da ita rukuni na biyu a 2015. A ƙarshen shekarar ya shiga cocin Adventist, ya ce daga yau ba wasa ba atisaye daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar. Wasannin rukunin kuwa da yawansu a wannan tsakanin suke faɗawa. Da kwantiraginsa ya ƙare a 2016 ƙungiyar ba ta sabunta ba. Haka wasu 'yan'uwa biyu Musulmi a ƙwallon zari-ruga ta Amurka, Husain Abdullah da yayansa Hamza, suka ajiye kakar 2012 gaba ɗaya suka tafi aikin Hajji. Husain ya samu ƙungiya da ya dawo. Hamza kuwa bai sake samun ƙungiya ba.

Mu Musulmi inda maganar ta fi shafarmu shi ne azumi, kuma ba hanya ɗaya 'yan wasanmu suka bi ba.

Akwai masu bugawa da azumin a baki. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ɗauki kofin ƙwallon kwando na Amurka da Houston Rockets a 1994 da 1995, haka ya riƙa yi. A watan Fabrairun 1995, wanda ya zo daidai da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata a gasar gaba ɗaya. Akwai kuma masu cewa a ɗaga musu, kuma galibi masu sana'ar faɗa ne, 'yan'uwan ɗan dambenmu. Khabib Nurmagomedov na yankin Dagestan a Rasha, wanda ya yi ritaya a 2020 da nasara 29 ba a taɓa kayar da shi ba, lokacin da yake wasa ba ya karɓar faɗa a watan azumi, kuma yakan nemi makonni bayan Sallah kafin jiki ya dawo. Amir Khan, ɗan damben zamani na Birtaniya, ya ce a 2014 ba zai iya karawa da Floyd Mayweather a watan Satumba ba, domin azumi sai ƙarshen Yuli zai ƙare, lokacin shiri ba zai isa ba. Karawa da Mayweather a lokacin ita ce kuɗi mafi tsoka a sana'ar, kuma har suka tsufa ba su haɗu ba.

Sai kashi na uku, masu sha su rama. Waɗannan su ne muka fi zagi a gidajen kallo, kuma a ganina mun fi zaluntarsu. Da an hasko ɗan wasa Musulmi yana kurɓar ruwa a gefen fili da rana, sai ka ji wani daga bencin baya ya ce, "Ka gani ko? Ya sayar da lahirarsa." Mai maganar bai san ko matafiyi ba ne, alhali ɗalibin da ya karanta Risala ya san matafiyi na da sauƙin ya sha ya rama. Bai san ko ya tambayi malaminsa ba. Kafin gasar cin kofin duniya ta 2018 hukumar fatawa ta Masar ta ba 'yan wasan ƙasar izinin su jinkirta azumin in ya yi musu tsanani. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, wadda ta faɗo tsakiyar Ramadan, wani matuƙin kwalekwale na Birtaniya ɗan asalin Maroko, Moe Sbihi, ya sha, ya biya kuɗin ciyar da mabuƙata 1,800 a Maroko. Malamai sun saɓa a kan waɗannan fatawoyi, wasu na ganin ƙwallo ba ta kai uzuri ba ga wanda ke zaune a garinsa. Abin da na ji daga malamanmu game da mai aikin ƙarfi, kamar mai yankan shinkafa a fadamun da ke shan ruwan Tiga, shi ne ya kwana da niyya, ya tashi da azuminsa, in wahala ta kai shi inda yake tsoron cutuwa ya sha ya rama. Ko wannan ya hau kan ɗan ƙwallo ko bai hau ba, magana ce ta masu ilimi da shi mai jikin. Ba ta mai cin gyaɗa a gidan kallo ba ce.

Su ma masu ƙungiya suna da tasu hujjar, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutum ya sa hannu a takarda, ana zuba masa miliyoyi duk mako, 'yan kallo sun sayi tikiti, gidajen talabijin sun biya kuɗin sa'ar. Koci kuma in aka yi rashin nasara shi ake kora. Akwai ma batun lafiya, domin gudun minti casa'in ba ruwa a zafi irin namu na Maris da Afrilu, da ma'auni ke haura 40, ba abin wasa ba ne. Da José Mourinho ya cire Sulley Muntari na Gana bayan kusan rabin sa'a a wasan Inter Milan da Bari a watan Agustan 2009, ya kuma alaƙanta rauninsa da azumi, Musulmi sun fusata. Ni ban ga laifin koci ya cire wanda ya gaji ba. Laifin shi ne ya kai ibadar mutum gaban 'yan jarida.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a yanke hukunci tun kafin a ga ƙafar yaro a fili. A watan Afrilun 2023 kocin Nantes ta Faransa, Antoine Kombouaré, ya ajiye Jaouen Hadjam ɗan Aljeriya a wasansu da Reims, ba don ya gaza a atisaye ba, sai don ya ƙi karya azumi ranar wasa. A shekarar ce hukumar ƙwallon Faransa ta rubuta wa alƙalan wasa cewa kada su tsayar da wasa don buɗa-baki. Shekara ta gaba wani matashi ɗan Lyon, Mahamadou Diawara, ya bar sansanin 'yan ƙasa da shekara 19 na ƙasar saboda ƙa'idojin da aka gindaya kan azumi.

Tsallaka ruwa kaɗan zuwa Ingila ka ga yadda abin ba shi da tsada. Ranar 26 ga Afrilu 2021 Leicester na karɓar Crystal Palace. An yi magana da alƙali tun kafin a fara. Bayan kamar rabin sa'a rana ta faɗi, ƙwallo ta fita, golan Palace ya riƙe ta bai buga ba. Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté suka taka zuwa gefen layi, kowa ya kurɓi abin da zai kurɓa, aka ci gaba. Mu da muke kallo a nan, mun riga mun sha ruwa mun yi magariba, kofunan kunu na gefen ƙafafunmu, sai da mai sharhi ya faɗa muka gane abin da ya faru. Wani tsoho da bai cika magana ba ya ce, "Allah Ya yi wa golan nan albarka." Kelechi Iheanacho ya ci ta biyu, Leicester ta yi nasara 2 da 1, babu abin da ya ragu a wasan. Daga 2023 gasar Firimiya ta mayar da wannan ɗan hutu abin da alƙalai ke bayarwa in an nema.

In ka jera sunayen nan za ka lura da abu guda. Koufax da Khabib manya ne, su ake nema, shi ya sa aka jira su. Golan Londrina da Hamza Abdullah da yaron Nantes ba su kai nan ba, su ne kuma suka biya. Wannan ke damuna, domin yaranmu na Kiru da Bebeji da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare, in Allah Ya ɗaga wani cikinsu, ba a matsayin Khabib zai isa Turai ba. Zai isa ne a matsayin baƙo mai gwajin mako biyu, wanda akwai goma a bayansa suna jiran ya yi tuntuɓe.

Ɗan yayata na cikin masu wannan mafarki. Da wani ejan ya fara yi masa zancen gwaji a waje, ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, in suka ce in sha ruwa ranar wasa fa?" Na ce masa tambayar nan ba ranar wasa ake yinta ba. Ka je wurin malaminka tun yanzu, ka gaya masa gaskiyar aikin, sa'o'in atisaye da tafiye-tafiye da yanayin garin, ka ji abin da ya halatta gare ka da abin da bai halatta ba. In ka san iyakarka, ka faɗe ta kafin ka sa hannu, a rubuta, kamar yadda ake rubuta kuɗin gida da na jirgi. Ramadan ba ya zuwa ba zato. Duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, ana iya lissafa shi tun shekaru kafin ya zo. Wanda ya faɗa tun farko ana iya ƙin ɗaukarsa, amma ba za a ce ya ci amana ba.

Sai dai akwai ɓangaren maganar da ya fi mana wuyar ji, wato inda mu ne masu yawa, kalandar tamu ce. A ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa da Kiru akwai Hausawa Kiristoci, iyaye da kakanni nan aka haife su, yaransu da namu fili ɗaya suke bugawa. Wasannin gasar ƙasa da su Kano Pillars ke yi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata galibi da yamma ne, ko da ran Lahadi ne mai zuwa coci ya je ya dawo. Amma a ƙananan gasanninmu na unguwa da ƙauye, wa ke tambaya?

A wata gasar damina da ake yi a yankinmu, ruwa ya hana wasan kusa da na ƙarshe ran Asabar, sai masu shiri suka mayar da shi Lahadi ƙarfe tara na safe, don shugaban taro na da ɗaurin aure da rana. Golan ɗaya ƙungiyar yaro ne Kirista, mahaifinsa dattijon coci. Ya ce shi ba zai iso ba sai an tashi daga sujada. Ina tsaye a wurin na ji abokan wasansa na cewa ya watsa musu ƙasa a ido, wani har da cewa ai coci ba guduwa za ta yi ba. Cikin masu faɗin haka akwai waɗanda da bakinsu na ji suna tsine wa kocin Nantes. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron nan shekara da shekaru yana tsayawa a raga shi kaɗai yana jira mu idar da la'asar kafin a take wasa. Duk watan azumi ana ɗaga atisaye zuwa dare, yana bin mu a haka, bai taɓa cewa uffan ba. Rana ɗaya da ya nemi sa'a uku, sai muka ga ya yi yawa.

Ba a ɗaga wasan ba. Aka sa wani yaro a raga, aka ci su. Bayan gasar ni da wasu dattawa biyu muka samu masu shirin, aka yi ta ja-in-ja, wani na cewa in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai kawo nasa uzurin. Limamin da ke cikinmu ya ce to a bari kowa ya kawo, amma tun ranar rajista, kada a ji shi daga baya. A kan haka aka tsaya. Yanzu a takardar shiga gasar akwai layin da ƙungiya ke rubuta lokacin da 'yan wasanta ba za su samu fitowa ba saboda ibada, kuma da shi ake zana jadawali har da ranakun da za a koma in ruwa ya hana. Bana ƙungiyoyi biyu suka cika layin. Ɗaya ta rubuta safiyar Lahadi. Ɗayar ta rubuta yammacin Litinin da Alhamis, domin 'yan bayanta biyu almajirai ne masu azumin nafila, kuma malaminsu ba ya sakinsu sai sun sha ruwa.